Yadda Ake Haɗa Word da Excel na Waya da na Kwamfuta ta Hanyar OneDrive

Duk wanda ya taɓa rubuta furojet na kammala karatu, ko ya riƙe sakatarcin wata ƙungiya, ya san wannan ciwon kai. Takarda ɗaya ce, amma ta rabu gida biyar: ɗaya a laftop, ɗaya a filashi, ɗaya a kwamfutar shagon buga takardu, biyu a WhatsApp. Sunayen ma abin dariya ne, "babi na uku", "babi na uku gyararre", "babi na uku na ƙarshe", "na ƙarshe wallahi". Ranar da malam ya ce a kawo, sai mutum ya buga wadda ba ita ba, gyaran jan biron da aka yi masa mako biyu da suka wuce duk babu shi a ciki. Ba a ma zo maganar filashin da ya kwaso bairos a shago ba, ka buɗe ka tarar foldodinka sun koma gumakan banza.

Maganin abin shi ne takarda ta zama tana da gida ɗaya tak, waya da kwamfuta kuma su zama ƙofofin shiga gidan. Gidan nan shi ake kira girgije, kodayake ni na fi son in ce rumbun intanet, domin babu wani abu da ke rataye a sama. Manyan kwamfutoci ne jibge a gine-ginen kamfani, ana ba su wuta da sanyi dare da rana. Microsoft na da irin waɗannan cibiyoyi a ƙasashe da dama, a 2019 ma ya buɗe na farko a nahiyarmu, a Johannesburg da Cape Town. Rumbun da yake bai wa mutane shi ne OneDrive, wanda ya fito a 2007 da sunan SkyDrive, sai shari'a da kamfanin talabijin na Sky a Birtaniya ta sa aka sauya masa suna a 2014. Word kuwa tsohon hannu ne, tun 1983 yake, Excel ya biyo shi a 1985. Abin da ya sauya shi ne an ɗaura su da rumbun, aka kira haɗin Office 365 a 2011, sannan daga 2020 aka koma kiransa Microsoft 365.

Asusu tukuna

Komai a kan asusun Microsoft yake tafiya, kuma kyauta ake buɗe shi. Ka shiga account.microsoft.com a burauzar waya ko ta kwamfuta, ka zaɓi buɗe sabon asusu. Ba dole sai ka yi sabon imel ba, adireshin Gmail ɗin da kake amfani da shi ma ya wadatar. Za su tura maka lambar tabbatarwa can, ka kwafo ka saka. Idan kwamfutarka mai Windows 10 ko 11 ce, wataƙila ma kana da asusun ba ka sani ba, domin sau da yawa wanda ya saita maka ita shi ya buɗe. To a nan ka tsaya ka bincika. In da imel ɗin mai shagon da ya sayar maka da ita aka shiga, takardunka rumbunsa za su riƙa tafiya. Ka buɗe naka, ka fita daga nasa.

Kafin ka ajiye ko da wasiƙa ɗaya, ka leƙa sashen "Security" na asusun ka yi abu uku. Ka sa lambar waya da imel na biyu na neman asusu in ya kulle. Lambar ta zama layin da kullum yake hannunka, ba wanda ke kwance a aljihun tsohuwar riga ba, domin kamfanonin waya kan karɓe layin da ya daɗe ba a amfani da shi su sayar wa wani. Sai ka kunna tabbaci mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an nemi wata lamba ko amincewa daga wayarka. Manhajar Microsoft Authenticator na yin wannan aikin, kuma lambobinta na fitowa ko babu sabis. Na uku, ka nemi lambar ceto mai harafi 25 da suke bayarwa, ka rubuta ta da biro a takarda ka ɓoye inda kake ɓoye takardar fili. Kada ka ɗauki hotonta ka bari a wayar, wayar ce fa ake tsoron ɓatanta.

Ka riƙa leƙa OneDrive ɗin aƙalla sau ɗaya a shekara. Asusun da aka yi watsi da shi na dogon lokaci ana iya rufe shi da abin da ke ciki.

Na kyauta ko na kuɗi?

Asusun kyauta na zuwa da 5 GB na ajiya, da Word da Excel da PowerPoint na cikin burauza a office.com, da kuma damar gyara takarda a manhajojin waya, matuƙar fuskar na'urar ba ta wuce inci 10.1 ba. Duk wayar hannu ta shiga wannan ma'auni, manyan tablet ne suka fita. Kada 5 GB ta yi maka kaɗan a ido. Takardar Word mai shafi ɗari, in zallar rubutu ce, da wuya ta kai 1 MB, ke nan rumbun zai ɗauki dubbai. Hotuna da bidiyo ne ke cinye wuri.

Na kuɗin hawa-hawa ne. Akwai Basic mai 100 GB. Akwai Personal na mutum ɗaya, mai 1 TB, wato kusan 1,000 GB, da cikakkun manhajojin da ake girkawa a kwamfuta, ana iya shiga da shi a na'ura biyar lokaci guda. Akwai Family da ke ɗaukar mutum shida, kowa da rumbunsa na 1 TB, kuma babu mai ganin kayan wani. Wata-wata ko shekara-shekara ake biya. Wanda ba ya son biyan da ba ya ƙarewa na iya sayen Office 2024 sau ɗaya, sai dai shi ba ya ƙara maka wurin ajiya. Ɗalibi ko malami ya fara tambayar ofishin kwamfuta na makarantarsu, domin makarantun da suka yi rajista da Microsoft suna ba da asusu ta imel ɗin makaranta. Illarsa ɗaya: ranar da ka gama ko ka bar aiki, makaranta na iya rufe shi, saboda haka ka kwashe kayanka kafin yaye.

Shawarata, ka fara da na kyauta, ka yi wata biyu kana aiki da shi, kai da kanka za ka san ko ya ishe ka. Su kuma Office ɗin da ake fasa wa kwado a zuba wa mutane a kasuwa, mun san da su, amma manhajar da ake fasawar da ita kan zo da nata baƙin a ɓoye, kai kuma ga shi za ka shigar da kalmar sirrinka a cikin kwamfutar. Ko na halas ne ma, Office 2016 da 2019 sun daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Windows 10.

Saita kwamfuta

Windows 10 da 11 suna zuwa da OneDrive a ciki. Mai Mac zai sauke shi daga App Store. Ka duba ƙasan fuskar kwamfuta ta dama, kusa da agogo, za ka ga ɗan hoton girgije. In ba ka gan shi ba, ka rubuta OneDrive a wurin bincike ka buɗe. Ka sa imel da kalmar sirri, zai nuna maka inda zai kafa foldarsa, ka amince.

Shafin da ke biye shi ne inda mutane suka fi faɗawa rami. Zai tambaye ka ko ya riƙa kwashe foldodin "Desktop", "Documents" da "Pictures" zuwa rumbu, kuma yakan zo da su a kunne. Mai gaggawa sai ya danna ya wuce, alhali a "Desktop" ɗinsa akwai bidiyon biki da finafinai. Kafin gari ya waye data ta ƙare, 5 GB ta cika, takardar da ake bukata ko hawa ba ta yi ba. In kuma imel ɗinka na Outlook ne, cikar rumbun na iya tsayar da shiga da fitar wasiƙu. Ka kashe na hotuna da na "Desktop", na "Documents" ma sai ka leƙa ka ga abin da ke ciki. In ka riga ka wuce, ba a makara ba: danna girgijen, danna alamar saiti, ka shiga "Sync and backup", sannan "Manage backup", ka kashe su a can.

Yanzu ka buɗe wurin da kake ganin fayilolinka, a gefen hagu akwai folda mai suna OneDrive. Duk abin da ka sa a ciki zai hau rumbu da kansa da zarar akwai intanet. Ka yi 'yan foldodi a ciki gwargwadon harkokinka, Makaranta, Shago, Ƙungiya, Takardun Gida. Sai ka tattaro tsofaffin kwafe-kwafen nan, ka zauna ka tantance wacce ce ta gaskiya, ita kaɗai za ka matsar ciki. Matsarwa na ce, ba kwafa ba, in ka bar wata a waje an koma gidan jiya. A sunan fayil ka guji alamomi irin su tauraro, alamar tambaya, ɗigo biyu da karan tsaye ko na karkace, OneDrive ba ya karɓarsu. Mai son rubuta kwanan wata a suna ya rubuta 2025-03-14, shekara a gaba, haka fayilolin za su jeru bi da bi.

Kowane fayil a foldar yana da 'yar alama a gefensa, kuma wanda bai iya karanta alamomin nan ba bai iya OneDrive ba. Shuɗin girgije na nufin fayil ɗin yana rumbu kawai, sunansa kake gani, in babu intanet ba zai buɗu ba. Farin da'ira mai koren maki na nufin an sauke shi, yana kan kwamfutar a yanzu, amma Windows na iya mayar da shi sama in wuri ya yi ƙaranci. Koren da'ira cikakke mai farin maki shi ne wanda ka ba da umarnin ya zauna dindindin. Kibiyoyi biyu masu zagaye na nufin ana kan ɗorawa ko saukewa. Jan da'ira mai kuros kuwa matsala ce, fayil ɗin bai hau ba, ka danna girgijen ƙasa zai gaya maka dalili.

A inda muke, da wuta da sabis ba su da alkawari, koren cikakke ya fi mana amfani. Ka danna foldar aikin da kake kai da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Always keep on this device". Ba a fafe gora ranar tafiya: ka yi haka tun kana da sabis, ba sai ka isa ƙauye ko ɗakin taro ka tarar duk takardunka shuɗin girgije ne ba. In aikin ya ƙare kana son wuri, ka zaɓi "Free up space", fayil ɗin zai bar kwamfutar amma yana nan a rumbu.

Wannan ya kawo mu ga gargaɗin da ya fi kowane muhimmanci. Foldar OneDrive madubi ce. Abin da ka goge a kwamfuta ya gogu a rumbu, ya gogu a waya. Mutane da yawa kan ce ai na riga na ɗora, bari in share na nan in samu wuri, sai su share duka. Neman wuri "Free up space" ne, ba gogewa ba.

Sai batun data, ga mai jona kwamfuta da hotspot na waya. Windows na ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin na banza, sai ta kama sauke sabunte-sabuntenta masu nauyi. Ka shiga saitin Wi-Fi ɗin ka kunna "Metered connection", zai rage mata zari. Amma akwai wani ɗan tarko a nan: shi ma OneDrive yakan dakata da kansa in ya ga an kunna wannan, ka yi ta aiki kana zaton yana hawa alhali yana tsaye. Ka koma saitin OneDrive ka kashe zaɓin da ke cewa ya dakata a irin wannan layin, ko kuma ka riƙa danna girgijen kana ce masa ya ci gaba. In kai ne kake son ya tsaya, akwai "Pause syncing" na awa 2, 8 ko 24.

Saita waya

Ka shiga Play Store ko App Store ka sauke OneDrive da Word, da Excel in kana lissafi. Ka duba sunan maƙerin ya zama Microsoft Corporation, akwai masu kwaikwayo da yawa. Ka shiga da asusun nan dai na kwamfuta, ba wani ba. Rabin masu cewa "na ɗora amma ban gani a waya ba" asusu biyu suke da shi ba su lura ba. OneDrive zai roƙe ka ya riƙa kwashe hotunan kyamara. In na kyauta kake, ka ce a'a.

Gwajin farko: ka buɗe takarda a kwamfuta daga foldar OneDrive, ka rubuta layi ɗaya, ka adana, ka jira kibiyoyin su koma koren maki. Ka ɗauki waya ka buɗe ta a Word. In ka ga layin, an haɗu.

Word na waya yana da fuska biyu, ɗaya mai nuna shafi kamar yadda zai fito a firinta, ɗaya mai suna "Mobile View" da ke shimfiɗa rubutun daidai faɗin waya. Ta biyun ta fi daɗin karatu da gyaran kalmomi a mota ko a layin banki. Amma tsara tebur, lambar shafi da jerin abubuwan da ke ciki, a bar wa kwamfuta. Takardar da kake son gani ko babu sabis, ka danna ɗigo ukun da ke gefenta a OneDrive ka zaɓi "Make available offline". Akwai kuma alamar kyamara ko ta ƙari da ke ɗaukar hoton takarda ta miƙe gefunanta ta mayar da ita PDF. Rasit, takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, duk ana iya adana su haka. Masu nauyin sirri a sa su a "Personal Vault", wani ɗaki ne a cikin rumbun da ke neman tabbaci na biyu kafin ya buɗu. A asusun kyauta fayil uku kawai yake ɗauka.

Adanawa da aiki ba intanet

A sababbin Word da Excel na kwamfuta akwai wani maɓalli a can sama ta hagu, "AutoSave". In takardar tana cikin OneDrive kuma maɓallin na kunne, duk bayan 'yan daƙiƙu yake adana abin da ka rubuta. Ga mai kwamfutar tebur, ko laftop ɗin da batirinta ya mutu sai a jone, wannan kaɗai ya isa dalili, in aka ɗauke wuta jimlar ƙarshe kawai za ka rasa. In ya ƙi kunnuwa, ko dai takardar tana wajen OneDrive, ko kuma tsohon nau'i ce mai ƙarewa da .doc ko .xls, sai ka sake adana ta a matsayin .docx ko .xlsx. Tsofaffin Office irin 2010 da 2013 ba su da maɓallin, a nan Ctrl da S ne abokin tafiya. Na cikin burauza kuwa kullum da kansa yake adanawa, amma sai da intanet yake aiki.

"AutoSave" yana da nasa sharrin. Mun saba mu buɗe wasiƙar bara, mu sauya suna da kwanan wata, sannan mu adana da sabon suna. In ka yi haka yana kunne, kafin ka kai ga sabon sunan ya riga ya rubuce ta barar. Yanzu tsarin ya juya: ka fara danna "File", sannan "Save a Copy", ka ba ta suna, sannan ka fara gyara.

Idan ka yi aiki babu intanet, gyaran yana kan kwamfutar yana jira. Kuskuren da ake yi shi ne a rufe laftop a haka, a fita, a buɗe takardar a waya a ƙara wani gyaran. Yanzu an samu biyu masu saɓani. Wani lokaci Word zai iya haɗe su, wani lokaci kuma sai ka ga fayil na biyu ya fito da sunan kwamfutarka manne a ƙarshen sunansa, ka zauna kana gwada su layi-layi. Saboda haka kafin ka rufe laftop ka jona ta ko na minti biyu ne, ka ga koren maki da idonka.

Aiki tare da wasu

Maimakon tura fayil a WhatsApp, ka tura linki. Ka danna "Share" a Word, ko a kan fayil ɗin a OneDrive. Kafin ka kwafi linkin, ka tsaya ka karanta ɗan layin da ke faɗin wa zai iya buɗewa da abin da zai iya yi. "Anyone" na nufin duk wanda linkin ya faɗa hannunsa, ko da an tura shi zaure goma. "Specific people" na nufin waɗanda ka rubuta imel ɗinsu kawai. Sai kuma "Can edit", mai iya gyarawa, da "Can view", mai kallo kawai. Bayanin taron ƙungiya da za a jefa zaure, kallo kawai. Malamin da ke duba furojet ko abokin rubutu, gyara, kuma da imel ɗinsa. Masu biyan kuɗi suna iya sa wa linki kalmar sirri da ranar mutuwa. Ranar da kake son rufe ƙofa, ka shiga "Manage access" ka cire linkin, nan take ya daina aiki a hannun kowa.

In ku biyu kuka buɗe takarda lokaci guda, za ka ga 'yar tuta mai launi da sunan ɗan'uwanka tana tafiya a inda yake rubutu. Idan gyaran malami ne, ku kunna "Track Changes" a ƙarƙashin "Review": duk abin da ya cire ko ya ƙara zai fito da launi, kai kuma ka bi ɗaya bayan ɗaya kana karɓa ko kana ƙi. Jan biro ne, sai dai ba ka sake buga shafi tamanin.

Excel ma haka, kuma a nan ne ɗan kasuwa zai ji daɗi. Yaron shago na shigar da cinikin yini a waya a Kantin Kwari, maigida na gani daga Legas ko Yamai. Uwar adashe ma na iya bai wa 'yan zubi linkin kallo, kowa ya ga wanda ya zuba da wanda kwasa ta zo kansa. Abu ɗaya da ke ba mutane haushi: Excel na cinye sifirin farko na lambar waya ko lambar asusun banki, domin yana ɗaukarsu adadi ne. Ka zaɓi layin gaba ɗaya ka mayar da shi "Text" kafin ka fara shigarwa, ko ka sa waƙafin sama guda ɗaya a gaban lambar. Lambar da alƙalumanta suka wuce 15 ma yana mayar da ƙarshenta sifiri in ba a yi haka ba.

In an yi ɓarna

Wani ya goge babi guda, ko ma'aji ya rubuce lissafin wata uku? Ka danna "File", "Info", sannan "Version History". Za ka ga jerin yadda takardar take a lokuta daban-daban, da sunan wanda ya taɓa ta. Ka buɗe ta jiya ka duba, in ita ce ka danna "Restore", ko ka kwafi sashen da ya ɓata kawai. Asusun mutum na kansa yana riƙe 25 na baya-bayan nan. In fayil ɗin ne gaba ɗaya aka goge, ka shiga onedrive.com ka duba "Recycle bin". Kwana 30 yake yi a can, a asusun makaranta ko na ofis kuma 93. Bayan haka sai haƙuri. Shi ya sa furojet ko littafin da ka yi shekara kana rubutawa, duk wata ka sauke kwafi ɗaya ka ajiye a filashin da ba ya zuwa shago, ka rubuta masa kwanan wata, kada ka taɓa yin gyara a kansa.

Haruffanmu masu ƙugiya

Mai rubutu da Hausa yana da wata damuwar ta daban. A waya abin da sauƙi: ka ƙara Hausa a harsunan Gboard, wato kibod ɗin Google na waya, ƙ da ɗ da ɓ za su samu. A Windows ma akwai kibod na Hausa a saitin harshe. In ba ka so ka sauya kibod, Word na kwamfuta yana da dabara: ka rubuta U+0199 ka danna Alt da X tare, zai koma ƙ. Na ɗ shi ne U+0257, na ɓ U+0253, na ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa U+01B4. Manyansu kuwa U+0198, U+018A, U+0181 da U+01B3. Ba wanda zai jure wannan a kowace kalma, don haka ka yi sau ɗaya, ka kwafi harafin, ka riƙa manna shi duk inda kake bukata.

Sai ka lura da salon rubutun da ka zaɓa. Times New Roman da Arial suna da waɗannan haruffa, amma yawancin salon ado na katin biki ba su da su, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa dabam ko ya zama ɗan akwati. Waya ma ba kowane salo na kwamfuta take da shi ba, takan musanya da wani, shafuka su ɗan gusa.

Wanda ya fi sabawa da Google, duk abin da na faɗa yana da takwara a can: Docs, Sheets da Drive, da 15 GB kyauta da ake rabawa tsakanin Drive da Gmail da Photos. Yana buɗe fayilolin Word, sai dai tsarin tebur da shafi kan ɗan motsa. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kai. Raba takardu tsakanin rumbu biyu shi ne filashi da WhatsApp a sabuwar riga.

Ranar bugawa

In lokacin kai takarda shago ya yi, kada ka ba su fayil ɗin Word. Ka mayar da shi PDF tukuna, a kwamfuta ta "Save a Copy" ko "Export", a waya ta wurin rabawa ko wurin bugawa. PDF na daskarar da shafi yadda ka tsara shi, da ƙugiyoyinsa da lambobinsa, ko wace irin kwamfuta ce a shagon. Ka buɗe shi ka bi shafi-shafi, sannan ka tura wa mai shagon shi ko linkinsa na kallo kawai, bayan an buga ka cire linkin.

In kuma dole ta sa sai ka shiga asusunka a kwamfutarsu, ka buɗe tagar sirri ta burauza, a Chrome da Edge Ctrl da Shift da N ne. Ka shiga office.com, in an tambaye ka "Stay signed in?" ka ce a'a, in burauzar ta nemi riƙe kalmar sirri ka ƙi. Da ka gama ka danna hotonka a sama ta dama ka fita daga asusun, ka rufe tagar. Tagar sirri ba ta goge abin da ka sauke, don haka ka leƙa foldar "Downloads" ka share fayil ɗinka, ka bi shi kwandon shara ka sake sharewa, sannan ka biya kuɗin bugu ka tashi.